Cokalin Magini a Hannun Mai Gasa Boga

A jihar Oklahoma ta ƙasar Amurka akwai wani ƙaramin gari mai suna El Reno, tafiyar kamar rabin sa'a a mota yamma da babban birnin jihar. A ƙidayar 2020 mutanen garin ba su kai 20,000 ba, amma akwai shagunan abinci uku a cikinsa da ake niƙo gari daga nesa domin su: Robert's Grill, wanda yake nan tun 1926, da Johnnie's Grill, da Sid's Diner. Kusa da juna suke, da ƙafa ma mutum zai zagaye su. Manyan kamfanonin boga masu dubban rassa sun kafa nasu shagunan a bakin babban titin da ya ratsa gefen garin, da fitilunsu da tagar miƙo wa direba abinci yana zaune a mota, amma ba su iya kashe kasuwar waɗannan ukun ba. Abin da suke sayarwa kuwa bogar albasa ce, kayan haɗinta huɗu: niƙaƙƙen naman sa, albasa, gishiri, burodi. Babu wani sirrin yaji da aka ɓoye a ƙarƙashin kanta. Duk abin da ya bambanta ta da ta kamfani yana hannun mutumin da ke tsaye gaban wuta, kuma a idon mai saye yake yin aikinsa.

Wurin aikin nasa faffaɗan farantin ƙarfe ne mai kauri, wuta na ci a ƙarƙashinsa, shekaru sun mayar da fuskarsa baƙa wuluk tana sheƙi. Kaskon ke nan. A gefe akwai tire cike da curin nama, kowane curi bai fi ƙwan agwagwa ba, da sanyinsa daga firiji, kuma ba a dunƙule shi da ƙarfi ba, tattara shi kawai aka yi ya haɗu. Zai ɗauki curi ya ɗora a kan kasko ba tare da ya zuba mai ba, ya barbaɗa gishiri, ya cika hannu da albasar da aka yanka siri-siri har kana iya hango haske ta cikinta, ya tula a kan naman. Tulin albasar yakan fi naman girma, baƙo yana gani zai ce an yi ɓarna. Sai ya ɗauko cokalinsa. A El Reno an san masu gasa boga da amfani da cokalin magini, wanda birkila ke shafa siminti da shi, a yanke tsininsa a wasa bakinsa, domin cokalin kicin na kanti lanƙwashewa yake idan aka danna shi da ƙarfi. Da wannan cokali zai danne albasa da nama gaba ɗaya, ya baje su har curin ya koma fale-fale, ya zarce faɗin burodi, bakinsa ya yi zare-zare.

Dannawar tana da lokacinta, kuma gajere ne. Muddin naman yana da sanyi, kitsen cikinsa a daskare yake, ruwansa kuma yana riƙe a cikin tsoka, don haka ko an matse shi babu abin da zai fita. Da ya yi kamar rabin minti a kan wuta, kitse ya fara narkewa, to duk wanda ya danna shi a lokacin romon naman yake matsewa ya zubar a kasko, ya miƙa wa mai saye busasshen abu. Shi ya sa gwani yake danna sau ɗaya, da wuri, da dukan nauyin kafaɗarsa, sannan ya ɗauke hannu. Ɗan koyo kuwa ba ya iya haƙuri. Za ka ga yana ta taɓa naman, yana ɗaga gefe yana leƙawa, yana sake dannawa don ya ji ƙarar cuwww ɗin nan mai daɗin ji, alhali ƙarar asara ce.

Me ake nema da wannan dannawa? Ƙanzo ake nema. Duk wanda ya taɓa kankare gindin tukunyar dafa-duka ya san cewa ɗanɗanon da ke wurin da abinci ya kama ƙarfe daban yake da na saman tukunya. A 1912 wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana abin da ke faruwa: idan zafi ya yi yawa, sinadaran gina jiki da ɗan sukarin da ke cikin abinci sukan haɗu su haifar da launin ja-ja da ƙamshi iri-iri da babu su a cikin ɗanyen abu. Wannan haɗuwa ba ta kankama sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Selsiyos. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, kuma muddin akwai shi a fuskar nama zafin wurin ba zai wuce nan ba. Ke nan naman da ke kwance cikin ruwansa dahuwa yake yi, ba gasuwa ba, ya fito fari-fari babu armashi. Idan aka baje nama aka manna shi da ƙarfe mai zafi, kowane lungu na fuskarsa yana taɓa wuta kai tsaye, ruwan saman ya ƙone nan take, ƙanzo ya kama daga wannan baki zuwa wancan. Dalilin ƙin zuba mai ke nan. So ake naman ya kama kasko.

To, abin da ya kama kuma sai an ɓamɓaro shi, a nan ne ake gane wanda ya daɗe a sana'ar. Ba ya duba agogo. Gefen naman yake kallo, ya ga ja ya fara hawowa daga ƙasa, ya ga 'yan ɗigon romo sun tsattsafo ta tsakanin albasa, ya ji ƙarar suya ta sauya daga kakkaura zuwa siririya saboda ruwa ya ja baya kitse ya karɓi aiki. Sai ya kwantar da bakin cokali ya manna shi da ƙarfe, ya tura da ƙarfi sau biyu ko uku, ya kankaro naman tare da ƙanzonsa duka. Idan ya yi sako-sako, ƙanzon zai tsaya a kasko, ya zama an sha wahalar banza. Juyawa ɗaya tak ake yi. Yanzu albasa ta koma ƙasa, tana soyuwa a cikin kitsen da naman ya saki, gefenta na ƙonewa kaɗan, tsakiyarta na yin laushi da zaƙi. Sai ya ɗora ɓarin burodi a kan naman, ya ɗora ɗaya ɓarin a samansa, tururin albasa ya ratsa su ya tausasa su. Mai son cuku a sa masa, mai son yankan kokwamba mai tsami da ɗan mastad a sa masa. Daga ɗora curi zuwa miƙa faranti 'yan mintuna ne.

Wannan fa boga ɗaya ke nan. Da azahar, lokacin da ma'aikata suka fito cin abinci, kaskon cike yake, kowane nama da lokacin da aka ɗora shi. Kuma kasko ba ya yin zafi bai ɗaya: inda harshen wuta yake ya fi zafi, gefe-gefe da sauƙi, inda aka ɗauke nama yanzun nan ya ɗan huce saboda sanyin naman ya sha zafinsa, sai an ba shi ɗan lokaci ya farfaɗo. Mai gasawa yana riƙe da duk wannan a kansa. Ya san ta wane layi ya fara, ya san na wane ne mai nama biyu, na wane ne ba a sa cuku, yana kankare gurbin da ya tashi kafin ya ɗora sabo don kada ragowar albasa ta ƙone ta ba na gaba ɗaci. Yana cikin haka yana amsa gaisuwar wanda ya shigo, yana tambayar wani jikin mahaifiyarsa. Ni dai a ganina wannan riƙon lissafi ya fi dannawar wuya, domin dannawa ana iya koya wa mutum a wuni ɗaya.

Akwai kuma abin da ake gamawa tun kafin a kunna wuta. Naman boga yana son kitse, abin da aka fi yarda da shi shi ne kashi 80 tsoka, kashi 20 kitse. Ba a cuɗa gishiri a cikin niƙaƙƙen nama, a sama ake barbaɗa shi lokacin da ya hau kasko, saboda gishiri yana narkar da wani sinadarin tsoka ya sa naman ya yi danƙo, ya ɗaure, ya yi tauri a baki. Yawan murza shi da hannu ma haka yake yi masa. Albasa kuwa kaurinta ne magana: idan ta yi kauri nama zai gasu ya bar ta ɗanya, idan an yanka ta tun jiya ta saki ruwa ta jiƙa kasko.

Talauci ne ya haifi bogar nan. Ana danganta ta da wani mai shago, Ross Davis, da shagonsa Hamburger Inn a El Reno a shekarun 1920. Garin na ma'aikatan jirgin ƙasa ne, kuma shahararren titin nan mai lamba 66 ya bi ta cikinsa. Nama da tsada, albasa da araha, mutane kuma babu kuɗi, musamman da tattalin arzikin Amurka ya karye daga 1929. Sai aka riƙa tula albasa a kan ɗan nama kaɗan don abin ya cika burodi ya cika ido. Dabarar rufin asiri ce, ta zo ta fi abin da aka yi ta domin a maye gurbinsa daɗi. Yau garin yana bikin bogar albasa duk shekara a Asabar ɗin farko ta watan Mayu, inda ake gasa ƙatuwar boga ɗaya mai nauyin fiye da kilo 300 a raba wa jama'a.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, su kansu manyan kamfanonin daga irin wannan hannu suka fito. Walt Anderson mai suya ne a birnin Wichita na jihar Kansas, wanda tun wajen 1916 yake danna curin nama da albasa a kan kasko yana sayarwa a 'yar rumfarsa. A 1921 ya haɗa gwiwa da Billy Ingram suka kafa White Castle, wanda ake ɗauka a matsayin kamfanin boga mai rassa na farko, suna sayar da kowace ɗaya sent 5. A lokacin Amurkawa suna ƙyamar niƙaƙƙen nama, tun bayan da littafin Upton Sinclair mai suna The Jungle ya tona ƙazantar mayankan Chicago a 1906. Shi ya sa suka yi wa shagunansu farin fenti, suka sa ma'aikata fararen kaya, suka bar kicin a buɗe kowa ya gani. Amma da rassa suka yawaita sai matsala ta taso: Anderson ɗaya ne, ba za a same shi a kowane reshe ba. Sannu a hankali curin nama ya koma daskararren yanki mai kusurwa huɗu da ake kawowa daga masana'anta. Zuwa shekarun 1950 sai aka huda ramuka biyar a jikin kowane yanki, domin tururin albasar da ke ƙasa ya ratsa ya dafa shi sama da ƙasa, ba sai an juya ba.

A lura da wannan, domin duk tarihin manyan kamfanonin a nan ya taru: da yawansu sun nemi hanyar da za su kawar da juyawa. Burger King, wanda ya kafu a Miami a 1954, ya daɗe yana amfani da injin da sarƙa ke jan nama ta ratsa da shi tsakanin wuta sama da ƙasa, ya faɗo ta ɗaya gefen a gashe. McDonald's yana amfani da kasko mai murfi, murfin ma ƙarfe ne mai zafi, ya sauko ya danne naman ya gasa fuska biyu lokaci guda, cikin kamar daƙiƙa 40 ga ƙaramin yanki, lokaci na cika ya ɗaga kansa da kansa. Juyawa ita ce inda ake bukatar ido da kunne da hukunci, wato inda ake bukatar gwani. Gwani kuwa yana da tsada, yana ɗaukar lokaci kafin a same shi, kuma ranar da ya yi fushi ya tafi ya tafi da sana'ar. Injin ba ya fushi.

Kada a ɗauka raina su nake yi. Abin da 'yan'uwan nan biyu, Richard da Maurice McDonald, suka yi a San Bernardino ta jihar Kalifoniya a 1948 shi ma gwaninta ce, sai dai ta tsari. Sun rufe shagonsu da ke ciniki na wasu watanni, suka rage jerin abincinsu daga 25 zuwa 9, suka sallami masu kai abinci bakin mota, suka raba aiki gunduwa-gunduwa: wannan gashi kawai, wannan shafa miya kawai, wannan naɗewa kawai. Har taswirar kicin suka zana da alli a filin wasan tanis na gidansu, suka sa ma'aikata suna kai da komo a kai don a ga inda za su yi karo. Boga ta koma sent 15. Ray Kroc, mai tallar injin kaɗa madara, ya je ya gani a 1954, ya buɗe nasa reshen a Des Plaines ta jihar Illinois a 1955, ya saye kamfanin gaba ɗaya a 1961 a kan dala miliyan 2.7. Yau rassan sun haura 40,000 a ƙasashe fiye da 100. Ƙaramin yankin namansu awo ɗaya ne, goma ke yin laba guda, wato kamar giram 45 kowanne. Matafiyin da ya sauka a garin da bai san kowa ba, da yara masu jin yunwa a bayan mota, ya san abin da zai samu da nawa zai biya tun kafin ya tsaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma maganar lafiya, wadda masu yabon ƙananan shaguna kan tsallake. Niƙaƙƙen nama ya fi tsoka guda haɗari, saboda ƙwayoyin cutar da ke saman nama niƙa yana cusa su har tsakiya. A 1993 cutar E. coli ta ɓarke daga bogar kamfanin Jack in the Box wadda ba ta gasu sosai ba, mutane fiye da 700 suka kamu, yara huɗu suka mutu. Bayan nan aka tsaurara doka, kuma shawarar hukumar noma ta Amurka ga mai dafa niƙaƙƙen naman sa ita ce zafin tsakiyarsa ya kai digiri 71. Babban kamfani yana da ma'aunin zafi da takardar da ake cikewa da masu zagayen duba aiki. Ƙaramin shago amanar mai shi ce kawai da ziyarar jami'in tsafta. Kuma ba kowane shagon unguwa ne na kirki ba; akwai masu sayo daskararren naman nan na masana'anta su ɗumama su tsuga kuɗi. Sa'ar da bogar da ake dannawa ta yi ita ce sirantarta: kafin ƙanzo ya kama, cikinta ya riga ya gasu.

Su ma kamfanonin ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. In-N-Out na Kalifoniya, wanda Harry da Esther Snyder suka kafa a 1948, da Wendy's da Dave Thomas ya buɗe a 1969, da ɗanyen naman da bai daskare ba suka yi suna. Amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda manyan suke waiwayowa. A 2018 McDonald's ya koma amfani da naman da bai daskare ba a bogarsa ta Quarter Pounder a Amurka. A 2023 kuma ya sanar da gyare-gyaren da ya ce za su ƙara wa bogarsa daɗi, ciki har da burodi mai laushi da zuba albasa a kan nama tun yana kan wuta. Abin da masu cokalin magini suke yi kusan shekara ɗari ke nan. Dannawar ma ta zama abin yayi: an kafa kamfani sukutum mai suna Smashburger a Denver a 2007 a kan wannan dabara, kuma George Motz, wanda ya yi fim ɗin Hamburger America a 2004 yana yawon neman irin waɗannan tsofaffin shaguna, ya buɗe nasa a New York a 2023, bogar albasa na cikin abin da yake gasawa da hannunsa.

Duk da haka akwai abin da kamfani ba zai iya kwafa ba ko ya so. Ƙanzo ba ya jira. Da an naɗe boga a takarda an ajiye, ko an sa naman a akwatin ɗumama yana jiran mai saye, tururi zai jiƙa shi ya yi laushi, burodi ya saki jiki. Tsarin kamfani an gina shi ne a kan kada mai saye ya jira abinci, a ƙaramin shago kuwa mai saye ne ke jira, tazarar kasko da farantinsa ba ta fi tsawon hannu ba. Idan ɗanɗano ake magana, mai cokali ya yi gaba, kuma ba kusa ba. Musulmin da tafiya ta kai shi can sai ya yi tambaya kafin ya zauna, game da yankan naman da kuma ko ana soya naman alade a kasko ɗaya, domin a shaguna da yawa haka ake yi.

Boga ta iso mu ma. Burger King ya buɗe a Legas a 2021, kuma a Abuja da Kaduna da Kano matasa suna ta buɗe nasu wuraren, wasu a shago wasu a kwantena, ana tallatawa a Instagram. Da yawansu kamfani suke kwaikwayo: kwali mai tambari, miya kala uku tana zuba, naman kuwa a bushe. Shanunmu masu tafiyar kiwo ne, tsokarsu ba ta da kitse sosai, don haka wanda ya niƙa tsoka zalla ba zai taɓa samun abin da ake nema ba. Ɗan'uwa mai wannan sana'a, ka ce wa mahaucinka ya haɗa maka da tozo ko kitse mai kyau, kashi ɗaya cikin biyar. Ka je wurin mai walda ya yanko maka farantin ƙarfe mai kauri, ka sayi cokalin magini sabo ka wasa bakinsa, ka yanka albasarka da safe. Ka danna sau ɗaya, ka juya sau ɗaya, ka miƙa da zafinta.